Mai Jan Gaba Da Nawayar Zuciyarsa



Yau ranar murna ce. An riga an ambaci waɗanda suka ja gaba cikin shekarun da suka wuce, an kuma faɗi ayyukansu, daidai ne kuwa a yi haka. Amma aikin da aka ɗora mana a wannan sa'a dabam ne. An ce mu yi magana a kan abin da ba a cika faɗi a ranar biki ba, wato yadda mai jan gaba zai tsaya da ƙafafunsa, ya zauna lafiya cikin jikinsa da hankalinsa, sa'anda wahala ta shiga gidansa shi kansa.

Hausawa sun ce babba juji ne. Kowa ya share ɗakinsa, can ya ke kai shara. Mai rigimar gona ya zo, mai rigimar aure ya zo, wanda yunwa ta kora ya zo. Amma ba a cika tambaya ba, shi jujin, ina zai kai tasa sharar? Cikinku akwai masu riƙe da makaranta, da masu riƙe da unguwa, da masu riƙe da babban gida. Waɗansunku sun zo taron nan da murmushi a fuska, zuciya kuwa tana ɗauke da abin da ba su gaya wa kowa ba. Da ku mu ke magana.

Domin kada mu yi ta magana a iska, bari mu ɗauki mutum ɗaya mu duba zamansa. Sunansa Muhammadu Bello, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na fari. An fi saninsa da Mai Wurno, gama haka a ke kiran mai sunan Sarkin Musulmi Bello, wanda kabarinsa ke Wurno. Watakila wani zai ce cikin ransa, me ya kawo labarin gidan sarautar Sakkwato cikin taronmu? To, baƙin ciki ba ya tambayar gidan da mutum ya fito. Mu kuwa da muka yi zama cikin ƙauyukan Hausawa na ƙasar Sinnar, can Sudan, mun sha inuwar itacen da mutumin nan ya dasa, ba kuwa daidai ba ne mu ɓoye abin da muka koya a wurin.

Attahiru ya hau gadon sarauta a ƙarshen shekara ta 1902. Bai cika wata shida ba, sai rundunar Turawan Ingila ta iso Sakkwato, aka ci garin ran 15 ga Maris 1903. Sarki ya fita ya nufi gabas. Tun dā akwai magana cikin jama'ar Shehu cewa wata rana za su yi ƙaura zuwa gabas, saboda haka da labari ya bazu, sai mutane suka yi ta barin gonaki da gidaje suna binsa, manya da talakawa, da mata da 'ya'ya. Turawa suka bi sawu har Burmi, cikin ƙasar Gombe. A can, ran 27 ga Yuli 1903, aka kashe Attahiru, da mutum fiye da 600 tare da shi, har da waɗansu 'ya'yansa.

Ku tsaya ku auna wannan rana a zuciyar ɗan da ya ragu. Da safe yana da uba, da 'yan'uwa, da begen komawa gida. Kafin rana ta faɗi ba ko ɗaya. Ba a ba shi kwana uku na zaman makoki ba, balle arba'in. Ga gwauraye, ga marayu, ga masu rauni, duk sun zuba masa ido suna jira ya ce a tashi ko a zauna. Nawaya biyu ke nan a kan mutum ɗaya, tasa da ta jama'a, ba kuwa wanda ya ga ta farin.

Ya ce a tashi. Daga Burmi zuwa Sinnar kimanin mil 1,500 ne in an miƙe kamar tsuntsu, balle mai tafiya a ƙasa da tsofaffi da jarirai. Hanyar alhazan dā ke nan, wadda a ke yi ana tsayawa, a yi noma ko ƙodago a sami guzuri, a ƙara gaba. Shekara uku suka yi. A 1906 suka iso bakin kogin da Larabawa ke kira Baharul Azraƙ, wato reshen Nilu mai gangarowa daga duwatsun Habasha. Suka sauka a Shaihu Ɗalha, daga baya suka haye suka kafa nasu gari a gaɓar yamma, kudu da Sinnar kaɗan. Garin ya ci sunan mai shi, Mai Wurno.

Ga abin da ya fi ba mu mamaki cikin labarin. Mutumin nan ya yi tafiyar shekara uku yana guje wa Turawan Ingila, da ya iso sai ya tarar su ne ke mulki a can, gama tun 1899 Sudan ta shiga hannun Ingila da Masar. Irin mutanen da suka kashe ubansa, su ne zai nemi izinin ƙasa a wurinsu, su ne zai kai wa haraji. Ku da kuka san zafin zuciyar ɗan sarki, kun san wannan ba ƙaramin ɗaci ba ne. Wuta kuwa tana kusa da shi in yana so ya hura. A shekarar da ya iso aka yi tawayen Satiru kusa da Sakkwato, aka shafe ƙauyen ƙaf. A 1908, cikin Jazira, nan kusa da shi, Wad Habuba ya ta da yaƙi da gwamnati, aka kama shi aka rataye. Mai Wurno dai bai sāke jan mutanensa zuwa fagen fama ba. Ya zauna, ya nemi ƙasa, aka ba shi, aka kuma san da shi shugaba ne a kan mutanen yamma da ke zaune a wurin.

Mai saurin hukunci zai ce ya yi sanyi. Mu ba mu ce ba shi da aibu ba, mutum ne, mai mulki kuwa, mulki kuma ba ya barin hannun kowa fari fat. Ba kuwa muna ƙasƙantar da waɗanda suka zaɓi su mutu a tsaye ba ne. Amma a ganinmu ya rarrabe abu biyu da shugabanni da yawa ba su iya rarrabewa ba: ciwon da ke nasa, da bukatar mutanen da ke bayansa. Ramuwar jinin uba tasa ce. Gwauruwar da ta bi shi daga Burmi ba ramuwa ta ke nema ba, tana neman inda za ta kafa murhu, ɗanta ya yi girma. Da ya ɗauki ciwonsa ya mai da shi tutar jama'a, da an sāke wata Burmi a bakin Nilu.

'Yan'uwa, nan ne jarabar shugaba mai rauni ta ke. Wanda aka wulakanta ya kan so jama'a duka su yi fushi tare da shi. Wanda aka ci amanarsa ya kan koya wa na ƙasa da shi zargin kowa. Ba da gangan ya ke yi ba. Ciwon ne ke magana da bakinsa, shi kuwa yana tsammani himma ce. Mun ga makaranta ta watse saboda babban malami yana rigima da ƙanensa a kan gādo, ya zo yana sauke haushin a kan ƙananan malamai. In ka ji maganarka ta fara zafi a wurin shawara, ka tambayi kanka tukuna, wannan zafi na al'amarin da ke gabanmu ne, ko kuwa daga gida na zo da shi?

Sai kuma mu lura da wurin da ya sauka. Sinnar gidan sarautar Funj ne tun 1504, har rundunar Muhammadu Ali na Masar ta ci shi a 1821. Sa'anda Mai Wurno ya iso, tsohon birnin ya riga ya zama kufai. Ɗan sarkin da aka ƙwace wa ƙasa ya zo ya zauna maƙwabcin kufan wata sarauta. Kowace rana yana da abin tuna masa cewa ba shi ne na fari da gadon sarauta ya kuɓuce wa ba. Wannan ma magani ne. Mai baƙin ciki ya kan ga kamar a kansa aka fara, sanin cewa waɗansu sun bi hanyar kafin shi ya kan rage kumburin zuciya.

Abin da ya riƙe mutanen nan kuwa, fartanya ce. Ƙasar wurin baƙar laka ce, mai tsagewa da rani har ƙafar jaki ta faɗa, mai danƙo da damina. Suka sare daji, suka shuka dawa da riɗi. In kogi ya janye, su bi gaɓa su yi lambu kamar yadda a ke yi a fadamun gida. Masu su suka shiga ruwa. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, aka buɗe manyan gonakin auduga na Jazira, hannun mutanen yamma ya yi aiki mai yawa a ciki, wajen noma da tsinkar auduga. Alhazai masu wucewa zuwa Sawakin su haye Jidda suka sami masauki, waɗansu suka yi niyyar kwana kaɗan suka zauna har mutuwa. Ƙauyuka suka yi ta ƙaruwa a bakin kogin, har wajen Dindir da Rahad da Gadarif, kowanne da mai garinsa.

Kada ku rena wannan. Mutumin da zuciyarsa ta karye, in ya zauna yana ta juya abin da ya wuce, tunani ya kan cinye shi kamar gara. Amma shuka ba ta jiran kowa ya gama baƙin ciki. Ruwa ya sauka, sai a fita. Aikin yau, ƙarami, wanda a ke iya gamawa kafin magariba, shi ne igiyar da ke ɗaure hankali kada ya ɓace. Mun kuma lura shugaban da ya bar taɓa aiki da hannunsa, ya koma sai umurni daga kan kujera, shi ya fi saurin faɗuwa in masifa ta zo, gama ba shi da wani abin da ya sani game da kansa sai kujerar.

Kun ji mun ce kowane ƙauye da mai garinsa. Mutum ɗaya ba ya iya sauraron ƙarar ƙauyuka masu nisan kwana da kwanaki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kowa ya san wannan, amma shugaba mai ciwon zuciya ya fi kowa ƙin sakin aiki, domin yana tsoro kada a ce ya gaza. Ba za mu daɗe a nan ba. Wanda ba shi da mataimaki da zai iya barin masa aiki na mako guda, ya fara koya wa wani tun yau.

Mai Wurno ya rasu a 1944, bayan shekara 38 a bakin kogin. Bai koma Sakkwato da sarauta ba. Ɗansa Muhammadu Ɗahiru ya gāje shi. Wahala kuwa ba ta ƙare da shi ba. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta nemi mutum ya nuna kakanninsa suna Sudan tun kafin ƙarshen 1897, jikokin waɗanda suka iso a 1906 suka zama kamar baƙi a ƙasar da aka binne cibiyarsu. Daga baya an sassauta dokar, amma sunan baƙo ya fi doka wuyar gogewa. A watan Yuli 2022 rikici ya tashi tsakanin Hausawa da maƙwabtansu a wajen Rusairis da Damazin a kan maganar ƙasa da sarauta, ya sāke tashi a Oktoba, ɗaruruwa suka mutu, dubbai suka gudu, da yawa suka nufo Sinnar. A Afrilu 2023 babban yaƙi ya ɓarke a Hartum. Wad Madani ta faɗi a Disamba na shekarar, Sinja kuma a ƙarshen Yuni 2024, kafin sojan gwamnati su karɓe Sinja a Nuwamba 2024, da Wad Madani a Janairu 2025. Cikin waɗannan shekaru masu gari da masu unguwa da yawa sun tsaya inda Mai Wurno ya tsaya da maraicen Burmi: mutum ya binne nasa, ya juyo ya tarar da baƙi a ƙofar gida suna jiran ya nuna musu wurin kwana. Saboda haka maganar nan ba tatsuniyar dā ba ce.

Amma akwai wani gefe, kada ku fita daga nan kuna cewa ashe sirrin shi ne mutum ya haɗiye baƙin cikinsa ya kama aiki. A'a. Bari mu koma ga madatsar nan ta Sinnar, gama ta koya mana abu. Tsawonta kusan mil 2 ne, an gina ta da dutse. Mai kallo zai ce aikinta ta tare ruwa duka. Ba haka ba ne. Ƙa'idar da maginanta suka kafa ita ce, sa'anda kogi ya kawo da ƙarfi wajen Agusta, ya yi kauri da lakar Habasha, sai a bar ƙofofin ƙasa a buɗe ya wuce. Sai ambaliya ta sauka, ruwa ya fara tacewa, sa'annan a ke tare wanda za a ajiye domin rani. Da za a rufe ƙofofi tun ruwan fari, da laka ta cika tafkin cikin 'yan shekaru, a rasa wurin ajiye ko kaɗan. Duk da wannan lura ma, laka ta cinye babban rabo na cikinsa a kwana a tashi.

Haka zuciyar mai jan gaba ta ke. Ruwan fari na baƙin ciki ba na ajiyewa ba ne. A bar shi ya wuce ta ƙofar da ta dace, gaban aboki amintacce, ko dattijo, ko matar mutum, ba a dandali ba, ba kuma a kan na ƙasa da kai ba. Ko an yi haka ma, wani abu zai kwanta a ƙasa har abada, kada wanda ya yi rashi ya yi mamaki in bayan shekara goma ya ji nauyin bai tafi duka ba.

Jiki kuma yana da nasa hakki. A ƙauyukan Jazira zazzaɓin cizon sauro da tsargiya sun daɗe suna bin magudanan ruwa, mun kuwa ga dattijon da aka ce halinsa ya sāke, ya zama mai faɗa, ashe jininsa ne ya ƙare. Wanda ya kwana bakwai ba barcin kirki, ko ya ga abinci ya fita ransa, ko ya ji ba ya son ganin mutane, ya je a duba shi, kada ya ce aiki ya yi yawa. In kuwa tunanin ya kai shi ga jin cewa gara mutuwa, kada ya kwana da wannan shi kaɗai, ya faɗa wa wani a daren nan, a kai shi wurin likita. Ba abin kunya ba ne.

Ba daga littafi muka koyi wannan ba, mu kanmu mun faɗa ramin. Shekarun baya, a wani ƙauye da ba za mu ambaci sunansa ba, zazzaɓi ya ɗauke mana ɗa a tsakiyar damina. Muka binne shi da hantsi. Da la'asar muna zaune a zaure muna raba gardamar iyakar gona. Mutane suka yi ta cewa, kai, Malam akwai haƙuri. Mu kuwa, gaskiya, muka ji daɗin yabon, muka ƙara ƙulle ƙofofi. Wata uku muna haka. Barci ya ƙaurace mana. Uwar yaron tana kuka a ɗaki, mu kuwa mu kan daɗe a waje da gangan, domin kada mu tarar da ita a farke. Rannan wani yaro cikin 'yan makaranta ya zubar da tawada a kan littafin lissafin kuɗi, muka yi masa tsawar da ta fi laifinsa sau goma, a gaban 'yan'uwansa, har ya daina zuwa.

Wata tsohuwa mai sayar da ƙuli a bakin hanya ita ta tare mu. Ba ta da sarauta, ba ta iya karatu ba. Ta ce, "Ɗan nan, zo ka zauna." Muka ce muna sauri. Ta ce, "Na sani. Tun ran da aka kai yaron nan ka ke sauri. Mai ɗakinka tana makoki ita kaɗai kamar ba ta da miji, kai kuwa kana sauke naka a kan 'ya'yan mutane. Wa ya gaya maka garin nan zai rushe in ka zauna kwana bakwai?"

Muka rasa amsa. Muka zauna a kan turmin da ta kife mana, abin da bai fito ba a bakin kabari ya fito a nan, gaban faranti na ƙuli. Ba ta ce mana kome ba, sai ta ci gaba da korar ƙudaje.

Washegari muka miƙa wa mataimakinmu mabuɗai da littattafai, muka ce kada a kira mu sai in wuta ta kama. Kwana bakwai muna gida tare da uwar yaron. Muka buɗe akwatin da rigunansa ke ciki, muka ba 'ya'yan maƙwabta, ta riƙe ɗaya. Gardama biyu ta taso a makon nan, mataimakin ya raba su, ɗaya ma ya fi yadda za mu raba ta. A rana ta takwas muka tafi gidan uban yaron nan mai tawada. Muka tarar da su a gona suna maimai, muka karɓi fartanya muka kama kunya ɗaya tare da su, sai da muka kai bakin gona sa'annan muka nemi gafarar yaron a gaban ubansa. Ran Litinin ya komo makaranta.